Uwar Ta Ƙi Sabuwa

Kwamfutar babanta ce ta kai Zulfa shagon Muttaka. Tsohuwa ce mai nauyi kamar buhun masara, da ita Zulfa ke buga wa baban nata, Malam Almu, jarrabawar Islamiyyarsa ta Ƙanƙara. Kwanan nan ta ɗauki wani irin nawa, ka danna ka je ka dafa shayi ka dawo ba ta buɗe ba.

Muttaka ya kwance murfin, ya hure ƙura, ya nuna mata wani faffaɗan allo a ciki.

"Kin ga wannan? Ita ce madabod, mu a nan uwa muke ce mata, don komi a jikinta yake. Wannan 'yar siririyar kuma ram ce, ita ke riƙe mata tunani. Ta yi mata kaɗan, sai an ƙaro wata."

Zulfa ta gyaɗa kai kamar ta fahimta. Gaskiyar magana, ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenta ba, wushiryarsa take kallo. Wannan rashin sauraron kuwa shi ya jawo mata kukan da ta sha daga baya.

Ya ce zai sa a aiko da sabuwar ram daga Kano. Kafin ta iso, soyayya ta riga ta sauka.

"Injiniyana, ka gyara ta Baba. Zuciyata da ka birkita fa, wa zai gyara?"

"Wannan ba a shago ake gyaranta ba, Zuzuna. Sai a zauren Malam, gaban shaidu."

Malam Almu bai ƙi ba. Matsalar tana Faskari, wurin mahaifiyar Muttaka, Hajiya Suwaibatu. Ita tun da daɗewa ta ajiye masa Barakatu, ɗiyar ƙaninta, mai shagon buga takardu a Sabuwa. Sun ma ɗan taɓa soyayya a da, abin bai yi nisa ba. Zulfa ta san wannan, kuma sunan nan ya tsaya mata a maƙogwaro. Firintar Barakatu ba ta da aiki sai lalacewa, kuma duk faɗin Katsina babu mai gyara sai Muttaka.

"Ita Sabuwar ba su da masu gyara ne?" ta tambaye shi wata rana, bayan wayarsa ta yi ƙara a gabanta.

"'Yar uwata ce fa, Zuzu."

"Na sani. Shi ya sa nake tambaya."

Ana haka aka yi suna a Faskari. Zulfa ta bi gwaggonta, ta shiga gaida Hajiya Suwaibatu, ta durƙusa har ƙasa. Hajiya ta amsa a daƙile, sannan ta juya wajen wata baƙuwa ta shiga yabon dambun Barakatu, kamar ba a taɓa turara dambu a duniya ba sai a Sabuwa. Zulfa ta dawo gida jikinta a sanyaye.

Washegari da hantsi saƙo ya shigo.

"Zuzuna, ki yi haƙuri. Uwar ta ƙi sabuwa, tsohuwa take so. Na yi iya yina, ba su dace ba. Gobe in sha Allahu zan tafi Sabuwa wurin Barakatu."

Ta karanta a tsaye, ta sake karantawa a zaune. Wace ce sabuwa in ba ita ba? Wace ce tsohuwa in ba Barakatu ba? Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne hanyar. Hanyar da mutane ba sa bi sai rana ta ɗaga don tsoron 'yan bindiga, suna tafe suna addu'a, ita zai bi saboda Barakatu. Kishi ya taso mata. Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge, sannan ta tura:

"Na ji. Ba zan shiga tsakaninka da mahaifiyarka ba, ka bi abin da Inna take so, albarkarta ta fi ni. Allah shi ba ku zaman lafiya kai da mai dambu. Kar ka ƙara kirana."

Ta kashe wayar, ta tura ta ƙarƙashin katifa. Ta yi kwanaki tana kuka a ɓoye. Ko masara ta gani ana surfawa sai ta tuna dambu, ranta ya sake ɓaci. Tana son Muttaka, ba ta taɓa sanin yawan son ba sai da ta ga za a kai shi gidan wata.

Da jarrabawa ta matso, Malam Almu ya ce ta je ta karɓo masa kwamfutarsa, ko ta gyaru ko ba ta gyaru ba. Ta ja mayafi ta tafi, ta sha alwashin ba za ta kalli fuskarsa ba.

Tana shiga ta yi turus. Hajiya Suwaibatu ce zaune a kan bencin da ita ta saba zama. Zulfa ta zube ta gaishe ta.

Muttaka ya rame, amma yana ta danne dariya. Ya miƙo mata wasu 'yan siraran abubuwa biyu.

"Zulfa, dubi nan don Allah. Wannan ce sabuwar ram da aka aiko daga Kano. Ta shiga gurbinta daidai, amma ina kunnawa sai kwamfutar ta kama kuka ƙit-ƙit-ƙit, allo baƙi ƙirin. Na goge haƙoranta da magogin fensir, na canza mata gurbi, na cire ɗan batirin ciki na mayar, duk a banza. Uwar ta tsufa, ba ta iya karanta irin na yanzu. Sai tsohon yayi, mai ƙwayoyi gaba da baya. Barakatu na da wata matacciyar kwamfuta irin ta Malam a shagonta, daga cikinta na ciro wannan."

Ya danna tsohuwar ram ɗin ta ce ƙas, ya kunna. Ƙara ɗaya kwamfutar ta yi, allo ya kawo haske, ta buɗe kamar ba ita ba.

"Wannan uwar nake nufi," ya ce yana nuna allon ciki. "Haba Zulfa! Ni da bakina zan ce wa Inna *uwar*?"

Zulfa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Hajiya Suwaibatu ta yi dariya har da tafa hannu. "Ya zo mani Faskari kamar mahaukaci, wai in duba mashi mi ya yi maki. Ina jin saƙon na gane. Taso nan, ɗiyata." Ta kamo hannunta ta zaunar da ita kusa da ita. "Yarinyar da kishi ke ci haka, amma ta iya cewa bi uwarka, ni kam ban da abin cewa. Waccan uwar ta ƙi sabuwa. Wannan ta karɓa."

Zulfa ta fashe da kuka a kafaɗarta, Hajiya na bubbuga bayanta tana cewa ya isa.

Da yamma ta kunna wayarta.

"Injiniyana, ka yafe mani. Amma ka sani, ram ɗin nan ce kaɗai abin Barakatu da na yarda ya shigo gidanmu."

"Na ji, Zuzuna. Dambun fa?"

"Zan koya. Nawa sai ya fi nata."

Bayan girbi aka ɗaura aure a zauren Malam Almu, katin gayyatar ma a tsohuwar kwamfutar aka buga shi. Barakatu ta zo daga Sabuwa da ƙatuwar kular dambu, ta ja kunnen amarya tana dariya. Zulfa ta ɗanɗana, ta ji daɗinsa har cikin ranta, amma ta ce gishiri ya ɗan yi kaɗan.

Hajiya Suwaibatu da kanta ta riƙo hannun amarya ta shigar da ita ɗaki. "Allah shi yi maku albarka, shi ba ku zuri'a ɗayyiba, shi sa kun dace har tsufa." Mata suka amsa da amin, guɗa ta tashi.