Ruwan Zafi a Ƙarƙashin Daɓe

Dab da magariba Yacouba ya ɗauki 'yarsa Rafia, mai shekara uku, suka tafi gwada ɗumin sabon gida. Shi ke ce masa gida, amma tanti ne zagayayye kamar bukka, wanda masu sayarwa ke kira yurt. Ya kafa shi a wani kango bayan garejin abokinsa, can ƙarshen Bronx, inda ciyawa ta cinye tsofaffin tayoyi. Babu wutar kamfani, babu ruwan famfo. Tukunya ce a kan murhun itace za ta tafasa ruwa, ruwan ya bi siraran bututun da ya binne a ƙasa, daɓe ya yi ɗumi. Duk don Rafia ya yi, domin sanyin ɗakinsu na haya ya hana ƙirjinta sakat.

Da za su fita, matarsa Habsatou ta ce, "Ruwan zafi za ka saki cikin ƙasa da almuru? Ka yi bisimilla, ka ba masu wurin haƙuri su janye yaransu."

"Cikin tiyo yake, ba zubarwa zan yi ba," in ji shi. "Nan fa New York ne."

Yacouba mutum ne da in ya kalli bidiyo biyu a waya, to ya gama zama injiniya.

Ya hura wuta, ya sa wa ƙofa sakata saboda iska, ya murɗa makunnin ruwan bai ce uffan ba. Bututu suka fara ƙas-ƙas. Ɗumi ya taso ta cikin katakon daɓen. Suka tuɓe takalma, Rafia tana ta tsalle tana dariya, shi kuma daɗi ya cika shi.

Sai ya ji ƙauri, irin na babbakar kan rago ranar layya.

Ya duba tukunya, lafiya lau. Daga ƙasa ƙaurin yake fitowa. Sannan wani kuka siriri ya biyo baya, kamar na 'ya'yan kyanwa, bakuna da yawa. Kukan ya yi ta raguwa har ya ɗauke.

Wani abu ya fara zagaya tantin daga waje, yana jan farce a jikin tamfol. Ɗakin ba shi da kusurwa, babu inda mutum zai ɓoye bayansa. Yacouba ya sungumi Rafia.

"Barci suke yi," in ji wata muryar mace, ƙasa-ƙasa, dab da kunnensa. "Nan nake kwantar da 'ya'yana tun ba a kafa garin nan ba."

"Wallahi ban sani ba."

"Ka tambaya?"

Ya ƙara ƙanƙame Rafia.

"Na ga ka zo da taka 'yar. Daɓen nan sai ya ci ƙafa kafin a fita. Ni ba a ba ni zaɓi ba. Kai na ba ka."

Katakon ya ɗauki zafi kamar kaskon suya. Safarsa ta fara hayaƙi. Ya yi ƙofa da gudu, ya ja sakata da hannu ɗaya, ta ƙi motsi. Tafin ƙafarsa yana manne wa daɓe, yana ɓantarewa.

Ya dire yarinyar.

Nan take ƙafarsa ta yi sanyi, kamar ya taka randa.

"Daddy, hot," in ji Rafia.

Ya ji ta sarai. Ya tsaya ya ja numfashi, ya sake ja, yana shan sanyin nan, tana ihu tana kama wandonsa.

Sakatar ta zare kanta. A waje wani abu ya yi dariya, sannan ya fashe da kuka.

Ya fito da ita a kafaɗa, bai waiwaya ba.

Likitoci ba su ga ƙuna ko ɗigo a ƙafar Rafia ba. Amma tun daga ranar ba ta sake taka ƙasa ba. Darduma, siminti, har ƙanƙarar hunturu, da zarar tafinta ya taɓa sai ta sandare da ihu. Ƙafar Yacouba kuwa ta warke sumul, ko tabo babu.

Habsatou har yau tana gaya wa mata yadda mijinta ya ceto 'yarsa daga bakin mutanen ɓoye, shi kuma ya sunkuyar da kai, a ce tawali'u ne.

Rafia ta girma a hannun mutane. Kowa yana ɗaukarta, ban da ubanta. In ya miƙo hannu, yarinyar da kullum da Turanci take amsawa sai ta dube shi, ta ce da Hausa, a hankali, "Za ka ajiye ni."