Katakon Baba

"Tsaya! Tsaya nan, Ramiro! Ka sake ja mana kiɗan baya!"

Yaya Gastón ya zare hannu daga jitarsa, lasifika ta yi wata ƙara mai tayar da tsikar jiki. Ramiro ya ɗaga sandunan gangarsa sama kamar wanda 'yan sanda suka tare.

"Ni kuma? Dogo, kai ne ka faɗo kafin lokacinka..."

"Ni na rubuta waƙar, kai za ka koya min lokacina?"

Ni dai ina tsakaninsu rungume da jitar bas, ina kallon ƙasa.

Ranar Lahadi ce da rana, a tsohon shagon kafinta na marigayi Babanmu da ke bayan gidanmu a unguwar La Teja, cikin birnin Montevideo. Bangon duk mun liƙe shi da kiret ɗin ƙwai da Mama ta roƙo a gidajen maƙwabta, don ya rage ƙarar kiɗa, kada su kai ƙararmu. Har yau idan na ji ƙamshin garin katako, ɗakin nan nake gani.

Mu uku ne a ƙungiyar, sunanmu Kifin Gwangwani. Yaya da Ramiro tare suka taso tun firamare. Ni kuwa tsintata aka yi, lokacin da mai bas ɗinsu ya tafi Sifen neman aiki. Ina jami'a a lokacin, ina karatun aikin laburare. Yaya ya rataya min jitar ya ce, "Auta ta dace da mu. Ba ta magana, ba ta kuskure."

Abin da bai lissafa ba shi ne, dole mai bas ta riƙa kallon mai ganga. Na fara da kallon ƙafar Ramiro a kan babbar ganga, na koma kallon kafaɗarsa. Wata rana na ɗago, na tarar shi ma ni yake kallo.

"Na san abin da ke damunka," in ji Yaya. "Da za ka daina zura wa ƙanwata ido, da ka ji abin da hannunka ke yi!"

"Haba Gastón..."

"Kwashe gangunanka! Ke kuma Maite, ki zaɓa. Ko shi, ko ni!"

Ramiro bai kwashe komai ba. Ya ajiye sandunan a hankali, ya kalle ni. Jira yake in ce wani abu. Na mayar da idona kan siminti. Ya ɗauki rigar sanyinsa ya fita.

Ramiro ne ke da gaskiya, na sani. Kuma na daɗe ina zargin dalili.

Mai shiru tana ganin abubuwa. Na ga Yaya ya bar kujerar Baba a teburin cin abinci ya koma ɗaya gefen. Na ga ya sauya kunnen da yake kara wa wayar tarho. Idan muna tafiya a bakin teku, sai ya zagaya da dabara ya sa ni a damansa. Shekara da shekaru yana tsaye a dandamali, kunnensa na hagu dab da farantan ƙarfen da Ramiro ke bugawa tare da ganguna.

A tsakiyar makon aka wayi gari da ruwa. Mama ta ɗora kasko tana soya wainar fulawa, kamar yadda kowane gida ke yi in ana ruwa. Yaya na zaune yana zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake sha a ƙasarmu.

Na je na tsaya a hagunsa. Na ce a hankali, "Yaya, ina son Ramiro. Shi zan aura."

Cokali ya suɓuce daga hannun Mama ya faɗi ƙasa.

Yaya ko gezau. Ya zuƙi mate ɗinsa, yana kallon ruwa ta taga.

Na zagaya damansa. "Yaya, me na ce yanzu?"

"Kin yi magana?"

Ya kalle ni, ya kalli Mama da ta dafe baki. Sai na ga kafaɗunsa sun sauka.

"Tun bara..." ya ce. "Kamar an cusa min auduga. Na je wurin likita, ya ce ba zai dawo ba."

"Ɗana!" Mama ta rungume kansa da hannunta mai gari. "Shi ne ka ɓoye min?"

"In faɗa wa wa, Mama? Mawaƙin da ba ya ji?" Ya kamo hannuna ya matse. "Auta, ki yi min alkawari. Kada Ramiro ya sani. Zai ce farantansa ne suka yi min, ya ajiye sanda har abada. Gara ya tsane ni ya je ya yi kiɗansa a wani wuri."

"Amma Yaya, ni fa?"

Bai ji ba, ko kuma ya ƙi ji. Na yi masa alkawarin.

Washegari Ramiro ya tare ni a ƙofar jami'a. Muka gangara bakin teku muka zauna a kan dakali, iska na kaɗa mana gashi.

"Wasu 'yan Buenos Aires na neman mai ganga," ya ce. "Sun ce in hau jirgin ruwa in zo."

Na ji kamar an zare min ƙasa.

"Za ka je?"

"Me ya rage min a nan? Abokina ya kore ni, masoyiyata ta kalli siminti." Ya juyo sosai. "Maite, rayuwata, ke ce kike jin ƙafata fiye da kowa a duniya. Ki gaya min gaskiya. Ni ne nake kuskure?"

"Ba kai ba ne."

"To mene ne?"

Na ciji leɓe. Hawaye suka zubo, na ƙyale su.

"Dogo ya sa ki alkawari ke nan," ya ce a hankali. Ya kalli ruwa, can ya ɗaga yatsa ya taɓa kunnensa na hagu. "Wannan ne, ko?"

Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

"Wawa!" Ya miƙe tsaye. "Dogon wawa! A filin ƙwallo na yi ta ƙwala masa kira har muryata ta dushe, na zaci fushi yake da ni! Tun muna da gajeren wando nake raba burodina da shi, shi ne zai..." Ya share ido da bayan hannu, ya sumbaci goshina, ya tafi da sauri bai ce min ina za shi ba.

Ranar Lahadi ƙarar guduma ce ta fito da mu.

A shagon akwai wasu dogayen katakai da Baba ya saya zai yi mana sabon teburi, ciwo bai bar shi ba. Yaya ya hana kowa taɓa su. Su muka tarar Ramiro ya shimfiɗa a ƙasa ya haɗa da ƙusa, tun daga ƙarƙashin babbar ganga har zuwa gaban makirfo. Makirfon ma ya mayar da shi ɗaya ɓangaren, yadda kunnen dama ne zai fuskanci ganguna.

"Katakon Baba!" Yaya ya daka tsawa. Ya juyo kaina, idonsa jajur. "Kin faɗa masa!"

"Ba ta ce uffan ba," in ji Ramiro, ƙusa a bakinsa. "Ƙanwarka ce fa. Yaushe ka taɓa jin ta gama jimla?"

"Ni na ba shi katakon," Mama ta ce daga bakin ƙofa, ƙoƙon mate a hannu. "Ubanku bai saye shi don gara ta ci ba."

Ramiro ya tofar da ƙusar, ya zauna a bayan gangunansa.

"Dogo, cire takalmi."

"Ban gane ba."

"Kurma ne kai? Na ce cire takalmi ka hau!"

Mama ta zaro ido. Yaya ya tsaya yana kallonsa, leɓensa na motsi... sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke zuwa da hawaye.

"Ɗan iska kawai."

Ya cire takalman. Babban yatsansa ya leƙo ta hujin safa.

"Abin kunya!" in ji Mama. "Cire har ita!"

Ya hau katakon da tafin ƙafa. Ramiro ya taka babbar ganga. Dum! Na ga Yaya ya zabura. Dum! Dum! Ya runtse ido, yatsun ƙafarsa suka kama katakon.

"Ina jin ka..." ya ce. "Ramiro, ina jin ka har cikin gwiwata!"

Na shigo da bas. Muka ɗauko waƙar da ta raba mu, wadda ya rubuta wa Baba. Da muka iso gaɓar da kullum yake faɗowa da wuri, na riƙe numfashi. Ya shigo daidai, kamar an auna da ma'aunin kafinta.

Ba mu kai ƙarshenta ba, don mawaƙin ya kasa waƙa. Ramiro ya tsallake gangunansa suka ƙanƙame juna, suna zagin juna suna kuka.

Da suka lafa, Yaya ya share fuska da gefen riga ya dube ni.

"Auta, ranar da ake ruwa... me kika faɗa wa mataccen kunnen nan har Mama ta yar da cokali?"

Kunya ta rufe ni. Na taka a hankali na zagaya damansa, na yi ɗage, na maimaita masa. Wannan karon da ƙarfi, har Ramiro ya saki sanda.

Yaya ya daɗe yana kallon abokinsa.

"Ashe ban yi ƙarya ba, kallonta kake yi."

"Ina kallonta, amma ban taɓa kuskure ba."

"To ka ci gaba da rashin kuskuren, in ba haka ba da wannan katakon zan fasa maka kai."

Ba mu taɓa yin suna ba. Mun zagaya ƙananan wurare a Montevideo, katakon ɗaure a saman motar ƙanin Mama, mutane suna ɗauka salo ne mawaƙinmu ke yi da yake hawa ba takalmi. Daga baya aiki da 'ya'ya suka cinye Lahadinmu, kiret ɗin ƙwai suka zube ɗaya bayan ɗaya.

Amma a hoton aurenmu da ke falo, ga ni nan cikin farar riga da jitar bas a wuya, ga angona a bayan ganguna. A gabanmu kuma ga Yaya Gastón cikin baƙar kwat da laktaye, idonsa a rufe, ƙafarsa tsirara a kan katakon Baba.