Ƙarfen da Aka Kafa a Makwarara

Ranar da tela ya kawo talabijin da bidiyo na hannu, 'yarsa Auta ta kasa cin abinci don murna. Ya ɗaure eriya a kan gora, ya zuro waya ta taga ya sa a bayan bidiyo, ya ja wata zuwa talabijin. Hoto ya fito, amma duk yayyafi. Wanda ya sayar masa ya ce in haka ta faru, a kafa ƙarfe a ƙasa mai danshi a ɗaura masa waya. Duk gidan babu danshi sai makwararar banɗaki.

Yayarsa, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar matarsa, ta ce magariba ta kawo jiki, ya bari sai gobe. Ya ce ai bugu uku ne. Bai yi bisimilla ba. A bugu na uku ƙarfen ya shige kamar cikin nama, hoton kuma ya washe tas.

Daga ranar, da rana ta faɗi sai tsakuwa ta soma sauka a kan kwano, ɗaya bayan ɗaya. Ko an cire soket, ana jin kukan yaro a cikin akwatin talabijin ɗin. Rana ta huɗu kukan ya tsaya. A yammacin nan Auta ta zauna a bakin makwarara, ta ƙi tashi, jikinta ya yi sanyi ƙalau.

Malamin da aka kira ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe. Muryar babbar mace ce, a gajiye. Ta ce ɗanta na kwance a makwararar, ƙarfen ya tsire shi, yau ya cika. Malam ya ce bawan Allahn nan bai sani ba.

"Shi ma ɗana bai sani ba," in ji ta.

Malam ya tuna mata Allah, ya ce za a zare ƙarfen, za a yi sadaka. Ta ce rai ta zo ɗauka, amma za ta bar yarinyar da ranta in uban ya yarda ta tafi da abu ɗaya nasa da ke jikin 'yar. Malam ya ɗaga hannu, alamar kada kowa ya amsa. Tela ya ga leɓen 'yarsa ya soma yin baƙi.

"Na yarda," ya ce.

Auta ta yi atishawa uku. Malam ya tattara littattafansa bai dubi kowa ba.

Ta farka lafiya. Ta gane goggonta, ta gane ɗakinta, har ta nemi ruwa. Da tela ya miƙo mata kofin, sai ta ja mayafi ta rufe kanta, ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi. Sannan ta juya ta rage murya.

"Goggo, baƙon nan Baba yake jira? Yaushe zai dawo?"