Abin da Najiba Ta Tsallake a Gaban Likita

"Kina nufin ba ki faɗa masa ba?" Shafi'i ya tambaya, idonsa a kan takardar asibitin da ke hannunta.

Najiba ta sunkuyar da kai. Suna tsaye a ƙofar gidansu a Agege, 'yan okada na ta wucewa a kan babura, amma ko ƙararsu ba ta ji.

"Na faɗa masa... rabi."

"Rabi? Haba sanyin idona, maganar rai ake yi fa."

Kwana uku ke nan da likita a Ikeja ya tabbatar cewa mahaifinta, Malam Sanda, yana da ciwon daji a furostet, ƙullutun nan da ke ƙasan mafitsarar maza. Malam ba ya jin Turanci, ba shi da ɗa namiji, don haka ita ce tafinta. Likitan ya jero hanya uku: tiyata, ko gashi da na'ura, ko a zuba wa ciwon ido ana gwaji a kai a kai tunda da wuri aka gano shi. Duk ta fassara tiryan-tiryan. Da ya iso kan abin da ke iya biyo bayan tiyata, yoyon fitsari da raunin mazakuta, sai harshenta ya ƙi juyawa. Wace 'yar fari ce za ta dubi uban da ko sunanta ba ya kamawa ta furta wannan? Cewa kawai ta yi, "Ya ce za ka ɗan sha jinya."

Nan take Malam ya zaɓi tiyata, wai a yanke a huta.

"Shekara ashirin yana limanci a layin nan," in ji Shafi'i. "In alwala ta daina zama masa fa, bai sani ba ya sa hannu?"

"Gashin ma an ce yana da nasa matsalolin. Zuba idon kuma, in ya bazu fa? Na karanta a waya har kaina ya kulle... Don Allah kai ka faɗa masa."

"Ni?"

Shafi'i ke nan, mai kayar da bijimi a kwata ko gezau, amma in ya hango Malam daga nesa sai ya sauya layi. Wata biyu ya rage aurensu, kunyar surukin kuwa kullum ƙaruwa take yi.

Bayan la'asar suka shiga. Shafi'i ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya gaishe da Malam, ya sake gaishe shi, ya koma labarin cunkoson hanyar Mushin. Da Najiba ta ga zai fara gaisuwa ta uku, ta koma bayan labule, daga can ta buɗe baki.

"Baba... akwai abin da na tsallake."

"Na sani, Uwata," Malam ya ce a hankali. "Likita ya daɗe yana magana, ke kika gama a numfashi ɗaya. Tun ranar nake jiran sauran."

Ta rufe ido ta faɗa, ba ta rage komai ba. Carbin da ke hannun Malam ya tsaya cak.

"To yanzu wanne zan ɗauka?"

Tunda take ba ta taɓa jin ya tambayi wani abin da zai yi ba. Shi ake tambaya. Tausayinsa ya kama ta.

Can ya ɗago. "Shafi'i, ran Litinin kai za ka raka ni. Ka tambayi likita komai, ka faɗa min komai."

"Amma Baba, ni..."

"Ba suruki nake nema yanzu ba, ɗa nake nema. Auren nan kuma a dawo da shi Juma'a mai zuwa."

Najiba ta ɗaga labulen da sauri. "Baba, jinyar fa?"

"Ban san me zan zaɓa ba, Uwata, wallahi ban sani ba. Amma kafin kowa ya taɓa ni, ina so in ɗaura aurenki da alwalata."

Ta saki labulen, ta zauna a ƙasa tana kuka. Ita kanta ba ta san na murna ne ko na tsoro ba.