Ranar da Baba Ya Yi wa Giwa Hon

"Baba, don Allah kada ka danna..."

Kafin 'yarsa Kwandasta ta rufe baki tsohon ya danna. Hon ɗin bas ɗinsu ya tsaga gandun dajin, irin na manyan motoci ne da ya sa aka ɗaura masa tun kafin su baro gida. Giwar da ta tare hanya ta ɗago kai, ta baza kunnuwa, ta zuba musu ido.

"Baba, yi haƙuri, ɗage hannunka," in ji Likita, saurayin Kwandasta, ƙasa-ƙasa daga kujerar gaba.

"Matsa min! Shanu nawa na kora a hanya da hon ɗin nan?"

Ya sake dannawa. Giwar ta yi wata ƙara da ta sa Mama salati, Goggo ta zube tsakanin kujeru da wayarta a hannu. Baba ya jefa giyar ribas. A nan Likita ya miƙa hannu ya murɗe makulli ya zare, ɗaya hannun kuma ya riƙe wuyan hannun Baba gam.

Kwandasta ta runtse ido. Tana jin numfashin dabbar a jikin gilashi, tana jin takunta ya bi ta gefen motar ya yi baya, har ya ɓace. Da ta buɗe ido, fuskar Baba ta fi ba ta tsoro fiye da giwar.

"Ba ni makullina."

"Ga shi, Baba. Ka gafarce ni, abin da ya sa..."

"Ban tambaye ka ba."

Har suka fito daga gandun babu wanda ya yi ko tari. A bakin ƙofa Baba ya taka birki, ya ce yana kallon gilashin gabansa, "Wanda ba ɗan gidan nan ba ya sauka."

Likita ya sauka. Ya waiwayo sau ɗaya, ita kuwa hawaye ya hana ta ganinsa sosai.

Wanda bai san Baba ba zai ce abin bai kai ya kawo ba. Direban babbar mota ne tun yana saurayi, ya tsufa a kan sitiyari bai taɓa buge ko kaza ba. Da ya ajiye aiki sai ya ce ya gaji da kai kayan mutane ƙasashe yana kallon duniya ta gilashi shi kaɗai. Ya sayi tsohuwar bas, ya cire kujerun baya, ya sa gadaje da ɗan murhu da tankin ruwa, ya kwashi Mama da ƙanwarsa Goggo da 'yarsa tilo, suka kama hanya. Sun kusa shekara suna tafe, ƙasa bayan ƙasa. 'Yar tasa aikin zanen gidaje take a kwamfuta, duk inda suka tsaya nan ne ofis. Tun tana ƙarama take zama a gefensa tana faɗa masa kwana, shi ya sa yake kiran ta Kwandasta, sunan ya bi ta har girma. Kuma duk tsawon tafiyar nan ko Mama ba ta taɓa taɓa makullin motar ba.

Lalacewar famfon mai ce ta zaunar da su a sansanin matafiya da ke gefen gandun, suna jiran a aiko da sabo. Wata safiya Goggo na faɗa da biri a kan burodi, wani dogon saurayi da rigar ma'aikatan gandun ya tsaya yana dariya, ya ce, "Goggo, ai ba ya jin Hausa." Likitan dabbobin gandun ne, karatu ya kawo shi ƙasar, aiki ya riƙe shi. Daga gaisuwa sai shan shayi, daga shan shayi sai Kwandasta ta lura zanenta ba ya tafiya in bai leƙo ba. Makonni suka shuɗe, ya faɗa mata abin da ke ransa, ta sunkuyar da kai tana murmushi. Zagayen gandun nan ita ta shirya shi bayan an gyara mota, har ta bar masa kujerarta ta gaba don shi da Baba su saba. Ga sabon da aka yi.

Da suka koma sansani Baba ya tara su a gindin motar.

"Jibi da safe mu tashi. Mun daɗe a nan."

"Baba, ai ka ce sai ƙarshen wata..."

"Na fasa. Kuma kada wanda ya sake kawo min maganar yaron nan."

Goggo ta gyara ɗaurin ɗankwali. Abin nema ya samu, don ta daɗe tana yi wa ɗanta mai aikin banki kamun Kwandasta.

"Ni dama ban faɗa ba? Yaya, yaron da ya riƙe maka hannu tun bai aure ta ba, in ya aura ai wuyanka zai riƙe. Wanda ya wuni da kuraye ina zai koyi ladabi?"

"Ke dai ki bari ya huce," in ji Mama.

"Ni na hana shi hucewa? Gaskiya ce dai, ɗaci gare ta."

Da la'asar Kwandasta ta ɗauki bokiti kamar za ta famfo, ta zarce asibitin dabbobi. Ta sami Likita yana ba wata 'yar barewa madara a kwalba. Yana ganinta ya miƙe.

"Rabin raina, kin yi kuka."

"Jibi za mu tafi."

Kwalbar ta kusa suɓuce masa.

"Me ya sa ka riƙe shi? Da ka bari ya ja baya, ai da mun tsira ba tare da wannan ba."

Ya ajiye kwalbar ya ce, "Ɗanta na bayanmu."

"Ɗan wa?"

"Ɗan giwar. Ya fito daga ciyawa ya tsaya daf da bayan motar, na gan shi a madubin gefena. Da Baba ya taka shi, uwar ba za ta bar ko ɗayanmu da rai ba."

Ta zauna a kan wani akwati.

"To ai shi ke nan! Bari in je in gaya masa."

"A'a, kada ki faɗa."

"Kamar yaya kada in faɗa?"

"Ke kika ba ni labari cewa babban abin alfaharinsa shi ne bai taɓa ja da baya bai duba madubi ba. Yau tsoro ya sa bai duba ba. In ya ji daga bakinki, a gaban Mama da Goggo, me ya rage masa? Gara ya ɗauke ni marar kunya."

"Ni kuma fa? Ka rasa ni saboda madubi?"

"Ba zan rasa ki ba, masoyiyata. Zan ɗauki hutu in bi ku, duk ƙasar da kuka sauka in zo in durƙusa, har ya gaji ya yafe."

"Ba ka san Baba ba. In ya rufe ƙofa ba ya waiwaye."

"Ki yi min alkawari dai."

Ta yi masa, ranta na ƙuna. Haushinsa take ji, kuma ba ta taɓa son sa kamar lokacin ba. Ta koma da bokitin babu ko ɗigon ruwa, Mama ta kalli bokitin ta kalle ta.

Washegari aka wuni ana haɗa kaya. Kwandasta na naɗe rumfa tana haɗiye kuka. Sau biyu ta je gaban Baba maganar na bakinta, ta ga yadda yake goge madubin motarsa da gefen riga, ta juyo.

Goggo kuwa ba ta zauna ba. Ashe tun da giwar ta ɓullo take ɗaukar bidiyo don ta yi wa ƙawayenta kuri, kuma wayar ba ta tsaya ba har aka gama. Ganin Mama na ta lallashin Baba a gefe, sai ta ji tsoron kada ya sauko. Ta matso da wayar.

"Yaya, kalli da idonka yadda ya fizge maka makulli. Ni ko kallonsa ban iya ƙarasawa ba don takaici. Dangi zan tura wa, kowa ya ga irin surukin da ake son kawo mana."

Baba ya sa tabarau ya karɓa. Kwandasta na tsaye a bayansa da igiyar rumfa a hannu.

Ga giwa, ga hon. Ga muryar Likita tana ba da haƙuri, wadda hon bai bar Baba ya ji ba. Sai hoton ya karkace lokacin da Goggo ta zube, wayar ta kalli gilashin baya. A nan ɗan giwar yake, ƙarami, kansa na gogar ƙarfen motar, fitilar ribas ta haska masa fuska.

Baba ya mayar da bidiyon baya. Ya sake kallo. Ya sake.

"Wannan kuma daga ina?" in ji Goggo.

Bai kula ta ba. Ya cire tabarau ya juyo ga 'yarsa.

"Kin sani?"

"Jiya ya gaya min."

"Kika yi shiru?"

"Shi ya hana ni, Baba. Ya ce... ya ce gara ka ɗauke shi marar kunya."

Tsohon ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya miƙa wa Goggo wayarta.

"Tura wa dangin. Amma ki tura shi duka."

Ya tashi ya zagaya bayan motar, suka bar shi shi kaɗai. Goggo ta ce kanta ke ciwo, ta shige ta kwanta. Har dare ya yi bai ce an fasa tafiya ba, babu kuma wanda ya isa ya tambaya.

Da gari ya waye ya tayar da mota kamar yadda ya faɗa. Kwandasta ta hau kujerarta idanu a kumbure. Ta tura wa Likita saƙo cewa sun tashi, ta kife wayar a cinya. A mararraba, hanyar kan iyaka ta yi dama.

"Dama, Baba," ta ce da ƙyar.

Ya kunna sigina ya yi hagu.

"Baba, dama na ce..."

"Na ji ki. Yau kwandasta ta huta."

Motar ta gangara ta bi ta gaban asibitin dabbobi, ta tsaya a gindin wata babbar bishiya. Likita ya fito da gudu da safar aiki a hannu, ya yi turus, sannan ya durƙusa a gefen ƙofar direba.

"Tashi," in ji Baba yana saukowa. "Ni ba giwa ba ne."

"Baba, ka yafe min."

"Na ga bidiyo."

Likita ya saci kallon Kwandasta, ta girgiza kai alamar ba ita ba ce.

"Sabo turken wawa," in ji Baba. "Na ɗauka duk abin da ya tare hanya saniya ce. Ka yi daidai da ka riƙe ni. Abu ɗaya ka yi kuskure."

"Wanne, Baba?"

"Ka ɗauka na fi son girmana da farin cikin yarinyar nan. Kada ka ƙara. In na yi ba daidai ba ka faɗa min a fuskata, ko a gaban wa."

"In Allah ya yarda, Baba."

"Kana da iyaye?"

"Mahaifiyata da kawuna suna gida. Na gaya musu tuntuni, cewa suka yi ko yaushe aka ba su dama za su hau jirgi. Sai dai..." ya sosa ƙeya, "sun tambaye ni ina gidanku yake, na rasa amsa."

Mama ta tuntsire da dariya ta taga. Baba bai yi dariya ba. Ya duba gefen hanya, ya ɗauko wani ƙaton dutse yana nishi, ya hana Likita taya shi, ya tura shi ƙarƙashin tayar baya ya dake da ƙafa. Kwandasta ta toshe baki da hannu. Ta san direbobi, ba a sa wa mota dutse don tsayuwar shan ruwa.

"Ka ce musu gindin bishiyar da ke gaban wurin aikinka. Nan ne gidanmu har su iso."

Ta diro daga motar ta faɗa jikin mahaifinta tana kuka tana dariya.

"Na gode, Baba... na gode."

"Sake ni, kin jiƙa min riga. Je ki ɗora mana shayi, ki sa da kofin mijinki."

Goggo ta leƙo ta taga, ta kalli dutsen, ta kalli Likita sama da ƙasa, ta ja tsaki.

"To in dai zama za a yi, wani ya zo ya kafa min rumfa. Kai dogo, ba kai nake wa magana ba?"

Likita ya cire safar hannunsa ya nufi bayan mota. Da ya zo wucewa ta gabanta ya rage murya.

"Rabin raina, sukari biyu."

"Ɗaya," ta ce tana share ido. "Yanzu ni ke kula da lafiyarka."