Irin Kindirmon Dada

Yanzu babu Dada a gidanmu. Dada mahaifiyata ce, kuma ta rasu bara da damina. Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma ina so yara su ji labarinta.

Duk Nukkai an san kindirmon Dada. Daga Iware ake kawo mata madara. Sai ta tafasa, ta bari ta huce. Sannan ta ɗebo ludayi ɗaya na tsohon kindirmo daga wata 'yar ƙwarya, ta zuba a ciki. Wannan shi ake kira iri. Kafin safe madara ta kama, ta yi kauri.

Shekarar da aka ba mu jihar Taraba, 'yata tana aji huɗu. Wata rana Malama Abigail ta koya musu darasi a kan ƙwayoyin cuta. Da yarinyar ta dawo gida, babu kowa. Mun tafi barka gidan Fanta, maƙwabciyarmu da ta haihu. Dada ta yi mata alkawarin kindirmon suna.

Yarinyar ta buɗe 'yar ƙwaryar, ta ji tsami. Sai ta zubar da irin, ta wanke ƙwaryar tas da sabulu.

Da magariba Dada ta gama tafasa madara. Ta ɗaga faifan da ke rufe 'yar ƙwaryar, ta ga wayam.

Ta dubi jikarta, ta ce, "Ƙawata, ina irina?"

"Kaka, ai ya lalace. Ƙwayoyin cuta ne fal a ciki. Na ceci gidan nan!"

Na ɗaga murya zan yi faɗa, Dada ta hana ni.

Ta ce, "Ƙyale likitar gidanmu. Gobe za ta gani."

Da safe madara ba ta kama ba. Ta tsinke, har ta fara wari. Dole aka zubar. Ga suna washegari. Yarinyar ta tafi makaranta tana kuka.

Da aka tashi, sai ga ta tare da Malama Abigail, ashe ta faɗa mata abin da ya faru. Malama ta durƙusa ta gaida Dada, sannan ta dubi yarinyar.

Ta ce, "Ba ki jira ƙarshen darasi ba. Akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Wasu suna kawo ciwo, shi ya sa muke wanke hannu. Wasu kuma aiki suke mana. Su ke mai da madara kindirmo. Su ke sa burodi ya tashi."

Yarinyar ta zaro ido. "Kaka, ashe kiwo kike a cikin ƙwarya?"

Dada ta yi dariya. "Ni ban taɓa ganinsu ba, amma na san suna da rai. In madara ta cika zafi, sai su mutu."

"To yanzu sun ƙare ke nan? Ki yafe mini, Kaka."

"Na yafe. Ɗauki ƙwaryar ki tafi unguwar Kachalla Sembe, gidan Goggo Talatu. Ni na ba ta iri da aka kai ta ɗakin miji."

Yarinyar ta dawo riƙe da ƙwarya da hannu biyu, tana tafiya a hankali. Dada ta tafasa sabuwar madara, da ta huce ta sa yarinyar ta taɓa da ɗan yatsa, ta ji ɗuminta. Yarinyar da kanta ta zuba irin.

Ranar suna kindirmo ya yi kauri, har ludayi yana tsayawa a ciki. Fanta ta sha, ta roƙi iri. Yarinyar ce ta ɗebo mata.

Yara, in kun ga abin da ba ku gane ba a gida, ku tambayi manya kafin ku zubar. In kun koyi darasi, ku saurare shi har ƙarshe.

Ku taya ni addu'a. Allah ya jiƙan Dada, ya haskaka kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta. Ku ce amin.