Hoton da Mai Hoto Ya Yanke

Mijin 'yata ne ya kashe min 'yata, da almakashi ya kashe ta. Ban yi boko ba, amma ba sai da boko ake gane mugu ba, kuma duk abin da zan faɗa da bakinsa ya faɗa min.

Mai hoto ne. Shekara ashirin da biyu shagonsa na kallon ƙofar babbar jami'a, wadda ko ɗan wane sai ya yi gumi kafin ya shiga. Aikinsa zaunar da 'ya'yan mutane gaban wani shuɗin labule yana cewa, "Ɗaga haɓa, kar ka yi dariya." Su liƙa hoton a fom su shige, shi yana waje. Ɗansa namiji tilo tun yana rarrafe ya laƙaba masa Dakta. Da Dakta ya nemi shiga aka ƙi shi, ya tafi wata ƙaramar jami'a mai nisa, yana karatunsa lafiya lau. Uban ne abin ya tsaya wa a maƙogwaro, ga maƙwabcinsa mai buga takardu kullum da tsiya: "Baban Dakta, ashe daktan namu na kaji ne?"

Sai aka kafa sanarwa za a karɓi masu canjin makaranta, gurbi uku kacal, masu nema sun haura ɗari bakwai. Ana son sakamakon shekara guda, wasiƙar malamai biyu da hoto ɗaya. Sakamakon Dakta ba laifi, amma mai hoto ya leƙa na wasu a hannun masu zuwa shagonsa, ya san ruwa ba sa'an kwando ba ne.

'Yata ta ce masa, "Baban Dakta, ka bar yaron nan inda Allah ya ajiye shi."

Ya ce, "Ke kin san zafin kallon ƙofar nan kullum?"

Da rana tsaka ya rufe shago ya nufi wurin wani boka a bayan layin masu walda. An ce ya zo da fom da hoton yaro. Yaron yana nesa, saura kwana biyu a rufe karɓa, sai ya ciro hoton iyali daga bangon ɗaki: 'yata a zaune, babbar 'yarsu a tsaye, Dakta a tsakiya, Auta ta ɗora masa hannu a kafaɗa.

Ɗakin boka ba taga, sai wata fitila mai hayaƙi. Ga ƙahon sa cike da ƙusoshi masu tsatsa, ga baƙar tukunya an ɗaure mata baki da jan ƙyalle, turare ya kasa danne ƙarnin jini. Bango huɗu kuwa hotuna ne na iyalai, kowanne da rami mai kusurwa huɗu a inda fuskar mutum ɗaya take. A bayan wasu, mai hoto ya gane shuɗin labulen shagonsa.

Boka ya ce, "Gurbi nawa?"

"Uku, ranka ya daɗe."

"Nan ma kujera ba ta haihuwa. Abin da za a cika can, sai an kwaso daga wani wuri." Ya miƙa masa almakashi. "Sana'arka ce. Yanke shi daidai girman fom."

"Nawa zan kawo?"

"Riƙe kuɗinka. Wanda ka yanke ka tafi da shi. Ragowar ka bar min."

Mai hoto ya dubi ramukan da ke bango. Ya ce, "Me za ka yi da ragowar?"

Boka ya yi dariya, haƙoransa jajaye. "Kai me kake yi da ragowar takarda in ka gama yanka?"

"A bar shi in kawo wani hoton, na shi kaɗai."

"Hoton da ya tsallaka ƙofar nan ba ya komawa cikakke. Ko ka yanka, ko ka tafi da fom ɗinka ka ci gaba da kallon ƙofa."

To ku ji inda nake riƙe da shi. Ya kai hoton kusa da fitila ya duba fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Ya duba, ya sake dubawa, sai ya ji numfashinsa ya sauka, domin ya ga shi ba ya ciki. Mai hoto ai a bayan kyamara yake tsayawa. Ya sa almakashi. Hannunsa bai ko yi rawa ba, sai dai bakin almakashin ya haɗa da yatsu biyu na Auta da ke kan kafaɗar yayanta.

Sati uku sunan Dakta ya fito a saman allo, har da tallafin karatu. Magana ta bazu cewa shuɗin labulen nan yana da sa'a, layi ya kai bakin titi. Ya sayi sabuwar kyamara, ya sayi mota, ya tashi daga ɗaki biyu ya koma gidan bene. Mai buga takardu ya koma gaishe shi da rusunawa.

'Yata ta fara da ciwon kai. Asibiti uku suka ce ba su ga komai ba, tana ta ƙanƙancewa tana koɗewa kamar hoton da rana ta daɗe tana duka. Bayan wata biyar ta rasu. Dakta ya zo gaisuwa da jakar littattafai, ya zauna kamar baƙo, ya dubi yayar da ta goya shi ya ce, "Baba, wannan wace ce?" Tun ranar yayar ba ta ƙara magana mai kan gado ba. Tana zaune fuskarta a bango, tana shafa gefen jikinta tana cewa an yanke mata wani.

Daga nan duk hoton da uban ya ɗauka sai ya fito da rami a fuska. Layi ya watse, mota ta tafi, bene ya tafi. Shi kansa Dakta yana can cikin ƙofar da aka saya masa, kullum na ɗaya, ko muryar ubansa ba ya ganewa a waya.

Yanzu saura Auta, shekararta takwas, tana hannuna. Yatsunta biyu sun bushe kamar kara, abin ya hau wuyan hannu. Da uban ya ga haka ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yafe min," ya zazzage min komai. Ya ce ya koma wurin boka, boka ya ce abu ɗaya ya rage: ya kawo hoton fuskarsa shi uban a toshe ramin. Wata uku ke nan yana zama gaban kyamararsa, ya kasa dannawa.

Ni ban yarda da boka ba, jikata a hannun Allah take, kuma duk mai kwaɗayin ɗaukakar da ba a rubuta masa ba ya dubi gidan nan ya shiga taitayinsa. Amma ba zan yi shiru ba. 'Yan'uwansa da suka hau motar suna nan, masu cewa in rufa asiri suna nan. Ku fito min da shi tsakar rana gaban jama'a, ya ɗaga haɓa yadda yake sa 'ya'yan mutane su ɗaga, ya amsa min: hannun da bai yi rawa a kan mutum uku ba, me ya sa yake rawa a kan mutum ɗaya?